Yadda Ake Sassaben Zamani: Mayar da Itatuwa Cikin Gona Ba Tare da Dashe Ba

Da zarar bazara ta kama, manomi yakan ɗauki adda da gatari ya nufi gona, ya sare duk wani toho da ya fito daga kututture, ya tara ya cinna wuta. Haka muka tarar ana yi, har ya zama gonar da aka share ƙal ita ce shaidar manomi ba rago ba ne. To amma a ƙasar jigawa, wannan sharar ce ke buɗe wa iska ƙofa. Ruwan farko ya sauka, a yi shuka, gero ya fito, sai guguwa ta taso da yashi ta binne shi ko ta yanke shi, a sake shuka sau biyu ko uku, damina kuwa ba ta jiran kowa. Mata su yi tafiya mai nisa neman itacen girki, idan ba su samu ba su koma ga kara da kashin shanu, waɗanda su ne ya kamata su zauna a gona su zama taki.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun fita daga wannan halin, kuma abin da suka yi bai fi ƙarfin kowane ƙauye ba. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa a Nijar wajen renon itatuwa da dasa su, mafi yawansu suka mutu saboda ƙishirwa da awaki da gara. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake ɗauka ciyayi ne, toho ne na itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a ƙauyuka kusan 100. Da rabon ya ƙare, an sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga amfani, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A can Magarya da Matamai da Mirya kuwa, mutane sun farfaɗo da tsohuwar al'adarsu ce ta kare gawo, wadda tun zamanin sarakunan Damagaram akwai doka mai tsanani a kanta. Da masu bincike suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, sai aka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Aikin ana kiransa sassaben zamani. Ga yadda ake yin sa.

Fara da zagaya gonarka, ba da sara ba

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kwashe amfani, tun daga kaka zuwa hunturu, sa'ad da gona ta buɗe kana ganin komai. Bar gatarin a gida. Bi gonar daga wannan iyaka zuwa waccan, kana duba abu uku: kututturen da ke fitar da toho, saiwar da ta ɓullo da tsiro a gefe, da 'yan ƙananan itatuwan da suka fito daga iri, musamman inda dabbobi suka kwana. Ka ƙirga su, ka san sunan kowanne. Idan akwai wanda ba ka gane ba, tafi da dattijo ko tsohuwa mai shiga daji, za su gaya maka sunansa da amfaninsa da irin itatuwan da ke wurin kafin a haife ka.

Idan gonar aro ce, ko haya, ko jingina, kada ka taɓa komai sai kun yi magana da mai ita a gaban shaidu: wa zai ci itacen, wa zai ci 'ya'yan, kuma idan ya karɓi gonarsa yaya za a yi. A wurare da yawa ana ɗaukar renon itace a gona a matsayin neman mallakarta, kuma rigimar da ke biyo bayan wannan ba ƙarama ba ce.

Zaɓi abin da za ka bari

Nan ne manomi ke nuna saninsa, domin ba kowane itace ne abokin hatsi ba.

Gawo shi ne na gaba. Yana zubar da ganyensa da damina, daidai lokacin da gero ke bukatar rana, ya yi kore shar da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun takin zamani, ganyen da ya zubar ya ruɓe a gindinsa, dabbobin da suka zo cin 'ya'yansa su bar kashi. Kowa ya san yadda zangarniyar gero take a ƙarƙashin gawo. Ƙaramin gawo ɗan siriri ne mai ƙaya, fartanya tana ɗauke shi ba tare da mai noma ya lura ba, saboda haka duk wanda ka gani ka kafa masa sanda nan take.

Sabara da kalgo su ne za ka fi samu da yawa, kuma su aka fi rainawa. Kada ka raina su. Suna tare yashi da ƙurar da iska ta kwaso, shi ya sa gindinsu kullum yake da tudu mai baƙar ƙasa. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa sabara tana jawo ruwa daga can ƙasa da dare ta sake shi a sama kusa da saiwar gero, har geron ya amfana a shekarar fari. Ga itacen girki da suke bayarwa da wuri, ga igiya daga ɓawon kalgo, ga 'ya'yansa da dabbobi ke ci.

Sai masu 'ya'ya: magarya, aduwa, kurna, kanya, ɗanya, ɗinya, da kuka idan Allah ya ba ka. Sai masu katako da azara kamar marke da kirya da taramniya. Geza tana da amfani wajen saƙa da ginin rumbu. Anza kuwa, a ƙasashen da take fitowa, waɗanda suka ga yunwa sun san darajarta. Masu inuwa mai duhu, irin su tsamiya da darbejiya, gara a bar su a bakin iyaka ko kusurwar gona, domin hatsi ba ya yin kirki a ƙarƙashinsu.

Kafin ka yanke shawara, tambayi uwargida. Ita ta san icen da ke ci da kyau ba hayaƙi, da ganyen da ke shiga tukunya, da 'ya'yan da ke da kasuwa. Gidajen da suka yi zaɓi tare sun fi riƙe itatuwansu.

Game da yawa, fara da kimanin 40 a hekta ɗaya. Wannan yana nufin mita 15 zuwa 16 tsakanin itace da itace, wato wajen taku 20 na babban mutum. Akwai manoman da suka wuce 100 a hekta daga baya, da suka ga hatsinsu bai ragu ba. Idan da garmar shanu ko tarakta kake huɗa, zaɓi kututturan da suka yi kusa da zama a layi ɗaya, domin kada ka wahalar da kanka wajen juyawa. Idan har zuciyarka ba ta natsu ba, ware kwata ɗaya na gonar ka gwada, ka bar sauran yadda ka saba.

Saran kansa

Wasa addarka ko laujenka ko ƙaramin gatari har ya yi kaifi sosai. Makami mai dakushi yana farfasa reshe ya ɗaye ɓawo, nan ne ruɓa da gara ke shiga.

Ka tsaya a kan kututture mai toho, a ce guda 20 ko 30 sun fito sun cunkushe. Dukkansu saiwa ɗaya suke sha, shi ya sa babu mai tsawo a cikinsu. Zaɓi mafi miƙewa da kauri da lafiya, daga uku zuwa biyar, ka fi son waɗanda suka fito daga ƙasa-ƙasan kututturen, domin na sama iska tana saurin ɓalle su. Sauran duka ka yanke su daf da gindi. Abincin da ake rabawa talatin yanzu ya koma wa biyar, kuma saiwar tsohuwa ce mai zurfi, shi ya sa toho yake tashi da saurin da dashen leda ba zai taɓa yi ba.

Me ya sa ba ɗaya tak za a bari ba? Saboda akuya tana iya karya shi, iska tana iya kayar da shi, ɓarawo yana iya sare shi, ka koma farko. Kuma idan biyar ne, kowace shekara kana iya yanke ɗaya ka yi amfani da shi, ka bar sabon toho ya maye gurbinsa, ɗaya kuma ka ƙyale shi ya zama babban itace. Gawo da sauran waɗanda kake so su yi gangar jiki guda, su ne za ka rage zuwa ɗaya ko biyu da zarar sun fi ƙarfin dabba.

Daga nan sai ka gyara waɗanda ka bari. Cire ƙananan rassan gefe tun daga ƙasa har zuwa rabin tsawon sandar, ka tsaya nan. Kada ka aske shi ka bar ɗan tukku a ka. Wannan shi ne kuskuren da sababbi suka fi yi: ganye ne ke ciyar da itace, idan ka kwashe shi sandar za ta yi tsawo ba ƙwari, ta lanƙwashe ko ta karye.

Wajen yanke reshe, sa kaifin a ƙarƙashinsa ka ja sama. Idan ka saro daga sama zuwa ƙasa, reshen zai faɗi ya tafi da ɓawon jikin sandar. Ka yanke kusa da jiki, amma kada ka ci cikin jikin. Idan sandunan sirara ne, haɗa su ka ɗaure sako-sako da igiyar kalgo ko tsumma su tallafi juna, ka tuna ka kwance idan sun yi kauri.

Abin da ka sare kada ka ƙona. Masu kauri a kai gida. Ganye da ƙananan rassa a shimfiɗa su a inda ƙasa ta yi fako, gara za ta ci ta buɗe ƙasar. Masu ƙaya kuma a kewaye ƙananan itatuwa da su.

Alama

Ɗaura jan tsumma ko ka shafa fenti a kan kowace sandar da ka bari. Amfaninsa biyu: ɗan ƙwadago da yaran gida su san ba a taɓa wannan, mai wucewa kuma ya san itacen yana da mai shi. Ka share busasshiyar ciyawa a gindinsa saboda wutar daji.

Inda babu ko kututture

Akwai gonar da ta mutu har ta zama fako, ruwa ya sauka ya gudu. A nan sai a ɗauko dabarar tassa, wato haƙa ƙananan ramuka masu tare ruwa da taki, wadda manoman Illela da Badagishiri a jihar Tawa ta Nijar suka koyo daga Yatenga ta Burkina Faso, ƙasar marigayi Yacouba Sawadogo, wanda ya raya daji guda da irin waɗannan ramuka. Shi da Rinaudo duk sun sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Da rani ake haƙa ramukan. Faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami wajen taku ɗaya, layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan layin farko. Ƙasar da ka fitar ka tara ta a gefen gangare domin ta tare ruwa. Zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu a kowane rami. Idan ruwa ya sauka ka shuka gero ko dawa a ciki. Kashin awaki da na shanu yana ɗauke da irin gawo da bagaruwa da aduwa da suka ci, kuma bin cikin dabba yana tausasa ƙwayar, saboda haka za ka ga itatuwa suna fitowa a ramukan tare da hatsi. Ka bar su. A fili mai faɗi na gari, ana haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa, kuma wannan aikin gayya ne.

Zaman gari

Duk abin da na faɗa a sama mutum ɗaya zai iya yi cikin 'yan kwanaki. Abin da ba zai iya shi kaɗai ba shi ne tsare itacen. Ka yi shekara biyu kana reno, dare ɗaya wani ya zo ya sare, ka ce ba za ka ƙara ba, maƙwabcinka da ke kallo shi ma ya fasa. Yawancin wuraren da aikin ya mutu, nan ya mutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka a kira taro tun kafin a saki dabbobi cikin gonaki.

Mai gari ne zai kira, liman ya halarta. A tabbata mata sun zo kuma sun yi magana, haka matasa, haka masu sana'ar itace da gawayi da maƙera da masu sassaƙa, domin dokar za ta taɓa abincinsu. Sannan ardo da makiyayan da ke zaune kusa, da wakilin masu wucewa idan zai samu. Garin da ya zauna ya yi doka ba makiyayi a wurin, ya yi dokar rigima ce. A Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maraɗi, ƙauyen da ya yi suna a wannan aiki, kwamitin sa ido ya haɗa maza da mata da makiyaya, kuma wannan na cikin abin da ya sa dokarsu ta zauna.

Abubuwan da za a yanke a taron ba su da yawa, amma a faɗe su dalla-dalla. Itacen da ke cikin gona na mai gonar ne, ba mai sara sai da izininsa. Busasshen reshen da ya faɗi da 'ya'yan da suka zuba, a faɗi ko na kowa ne ko a'a. Ni ina ganin a bar wa mata da marasa gona wannan, domin idan aka toshe musu ko'ina dole su shiga da dare. Makiyayi yana iya kiwo a gona bayan kaka, dabbobinsa su ci 'ya'yan gawo su bar taki, amma ba zai sa barandami ya datse kan itace ba. Idan yana son ganye ya nemi mai gona su daidaita. Burtali da mashaya a bar su a buɗe, wanda ya cinye burtali da noma ya janye. A sa ranar sakin dabbobi da ranar kama su. A hana cinna wuta a gona ba tare da an sanar ba.

Sai tara. A sa abin da mutum zai ji a jikinsa amma zai iya biya, a kuma fayyace inda kuɗin za su: wani kaso ga mai itacen, wani ga asusun kwamiti. A sami littafi da ma'aji, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Ranar da aka kama ɗan mai gari ko ƙanin wani babba, a ci shi tara kamar kowa. Idan aka ɗaga masa ƙafa, a ranar dokar ta ƙare.

A zaɓi 'yan sa ido daga kowace unguwa, su riƙa zagayawa bi da bi, musamman daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da abincin dabbobi ya ƙare kuma ake neman itacen gini. Aikinsu su gani su kai rahoto. Ba su da hurumin duka ko ƙwace dabba.

A rubuta yarjejeniyar, da boko ko da ajami, a kai wa hakimi da ƙaramar hukuma da ma'aikatan gandun daji su sa hannu. Wannan matakin yana da muhimmanci ƙwarai. Shekaru da dama manoma a Nijar suna kashe toho da gangan, saboda doka ta ɗauki itatuwa a matsayin na gwamnati, mutum ya sare reshe a gonarsa a ci shi tara. Da aka sassauta, itatuwa suka dawo, kuma a Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena. A Najeriya dokokin daji na jihohi ne, don haka ku je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku ku ji irin itatuwan da aka hana sarewa da yadda ake neman izini, ku gayyaci jami'in ya zo ya ga gonakin da idonsa tun itatuwan suna ƙanana.

Liman kuma ya taimaka a huɗuba. Hadisi ya inganta cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Mai renon toho yana fatan shiga cikin wannan alheri.

Damina da abin da ke bayanta

Kafin shuka ka sake zagayawa. Kututturen da ka gyara zai fitar da sabon toho a gindi, ka cire shi. Za ka riƙa yin haka duk bayan wata biyu zuwa shida, gwargwadon ƙarfin itacen, kuma lokacin noman farko da maimai dama ce, tunda kana wurin da fartanya a hannu. Idan inuwar wani ta fara danne hatsi, rage rassansa, kada ka kayar da shi.

Za a ce maka itatuwa suna tara tsuntsaye. Gaskiya ne tsuntsu yana sauka a kan itace, amma jan baki yana cin gonar da ba ta da ko sanda ɗaya, kuma cikin masu saukar akwai masu cin tsutsa da fara. Rage rassa kafin gero ya fitar da kai yana rage wurin sheƙa.

A shekarar farko abin da za ka samu shi ne itacen girki daga abin da ka rage, da ganyen dabbobi. Daga shekara ta biyu zuwa ta uku sabara da kalgo sun ba ka sandunan darni da na rumfa, kuma za ka lura iska ba ta binne shuka kamar da. Gawo yana da jinkiri, sai an yi haƙuri da shi shekaru kafin a ga aikinsa a kan hatsi. Idan kana da magarya mai ƙarfi, nemi malamin gona ya koya maka aurar da ita da irin nan mai manyan 'ya'ya da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa, domin tana da kasuwa.

Idan itacen sayarwa ya fara yawa, kada kowa ya kai nasa bakin titi a saye shi a wulaƙance. Kwamiti ya ware wuri guda, a tara, a sa farashi ɗaya, a cire ɗan kaso na asusu. Da wannan kuɗin ake sayen fenti da adduna da takalman 'yan sa ido. Sannan a kaka ta biyu ku gayyaci ƙauyukan da kuke iyaka da su, ku kai su gonar da aka yi sassaben da wadda ba a yi ba, mai gonar ya yi bayani da bakinsa, ku nemi su shiga yarjejeniyar, domin mai saran dare sau da yawa daga ƙetaren iyaka yake zuwa.